Yadda Lawali Ya Kashe Shuɗi a Tsafe

A duk Tsafe babu wanda bai san shagon Lawali mai gyaran rediyo ba, don kusan kowane gida akwai abin da ya shiga shagon nan bai fito ba. Rediyo, fanka, tocila, dutsen guga, ga su nan jibge har rufi. In ka je karɓar kayanka sai ya ce ciwon ba na gaggawa ba ne, ya jawo maka benci, ya shiga ba ka labarin zamansa a Kaduna, inda a faɗarsa manyan injiniyoyi ke leƙensa ta taga don su saci hannu. Waɗanda suka san shi a Kadunar sun ce wata uku ya yi, kuma gadi yake yi a ƙofar wani shagon talabijin.

Mijin ƙanwarsa, Mannir, ɗan kabu-kabu ne a da, har ranar da motar hatsi ta ture shi a hanyar Funtuwa, ta bar shi da ƙafa guda ba ta lanƙwasuwa. Da ya warke sai ya buɗe gidan gem kusa da tasha: ɗaki ɗaya, benci shida, injin buga ƙwallo da wata tsohuwar talabijin. Da ɗakin nan yake ci da matarsa Uwa da 'ya'yansu uku. To, talabijin ɗin ta gaji. Ɗan wasa na rugawa da ƙwallo sai hoton ya dame, kamar an goga hannu a kan ɗanyen fenti, kuma duk wanda ya zauna gabanta awa guda sai ya tashi da ciwon kai.

Duk shekara bayan an gama girbi 'yan Bungudu kan zo Tsafe a kara a gem ɗin ƙwallo. A bana gwaninsu, Bashar direban bas, ya aiko da saƙo a fili: in ranar Asabar suka iske wannan talabijin mai hawan jini, ba za su zauna ba, kuma gasa ta koma Bungudu ke nan har abada. Mannir ya san in gasar ta tafi, masu zuwa ɗakinsa ma sun tafi. Sai ya yanke shawarar zuwa Gusau ya sayo monita, irin allon da aka yi musamman don gem. Kuskurensa ɗaya, ya gaya wa Uwa, ita kuma ta gaya wa yayanta.

Ranar Alhamis da safe Mannir na isa tasha ya iske Lawali ya riga ya kame gidan gaba, da biro uku a aljihu da sukuddireba a bayan kunne.

"Yaya, ina zuwa haka?"

"Ceton ka zan je. Kai da ba ka san bambancin monita da faranti ba, su sayar maka da madubi ka dawo kana godiya?"

"Ai an yi mini kwatancen shago."

"An yi maka kwatancen ilimi? Shiga mu tafi."

Shagon na wata mata ne, Hajiya Ummulkhairi, mai farin gilashi da saurin baki. Lawali ya shiga ya dubi sama ya dubi ƙasa.

"Hajiya, a kira mana mai shagon. Magana ce ta masana."

"Ga ta nan kana kallo."

"Af. To, monita muke so wadda hoto ba ya damewa cikin motsi, kuma ba ta cin ido. Ki yi hankali, ni ɗan hannu ne."

Ta juya wajen Mannir. Ta kunna allo biyu, ta sa ƙwallo na gudu a kowanne. Ta ce wa Mannir na hagu sau sittin yake sake hoto a daƙiƙa guda, na dama kuma sau ɗari da ashirin, shi ya sa a na dama ƙwallon ke tafiya sumul, har ɗinkin jikinta kana gani. Mannir ya matso ya zuba ido, ya gyaɗa kai. Lawali kuwa ya hango wani kwali a sama an rubuta ɗari biyu da arba'in.

"Wancan fa, ɓoye shi kike yi?"

"Injinku ba ya kaiwa nan, Malam. Tirela za ka saya don ɗaukar buhu ɗaya."

"Bari dai in gwada da hannuna."

Kafin a ankara ya sunkuci monitar dama, tana kunne, ya shiga jijjiga ta hagu da dama. Ya ƙara da sassarfa daga wannan bango zuwa wancan, yana leƙen hoton. Wayar wutarta ta miƙe, ta shaƙo wani tulin kwalaye, suka zubo masa a ka ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gani! Hoton rawa yake yi cikin motsi!"

"Kai ke rawa, bawan Allah! Abin da ke cikin allon ne zai motsa, ba allon ba. Aje mini kaya!"

"Gwaji ne. A Kaduna a kan babur muke yin sa."

"To nan Gusau ne."

Da aka tattara kwalaye ta koma kan maganar ido, tana fuskantar Mannir kaɗai. Ta ɗora kyamarar wayarta a kan wani allo mai araha, sai ga baƙaƙen layuka suna bi ta kansa. Ta ce wannan ƙyafta yake yi, ido ba ya kamawa amma kai yana ji. Ta ɗora a kan na daman, fes, babu layi. Ta ce hasken ya daidaita da na ɗakin, kada ya yi tsanani, kuma in za a daɗe a zaune a ɗan rage shuɗin haske, ido ya fi samun sanyi. Daga duk bayanin nan abu biyu Lawali ya tsinta ya sa a aljihu: shuɗi mugu ne, kuma ido sanyi yake so.

Aka yi ciniki. Ta saita monitar da hannunta, ta mayar cikin kwali, sannan ta dubi Lawali ta saman gilashi.

"Akwai ɗan maɓalli a bayanta. Na gama da shi. Kada a taɓa."

"Hajiya, irin wanga maɓalli mu muke ƙera shi."

Suka kamo hanya tun kafin la'asar, don hanyar ba a yi mata yamma. Daga Gusau har Tsafe Lawali na ba fasinjoji labarin yadda ya titsiye wata mai shago da tambayoyi har gilashinta ya yi gumi. Mannir na baya rungume da kwali.

Ranar Asabar da hantsi Mannir ya kulle ɗakin ya tafi neman fetur na janareta. Lawali ya bi ta gidan ƙanwarsa, ya ce Mannir ne ya aiko shi karɓar ɗayan mabuɗin. Ya shiga, ya turo ƙofa, ya ga an yi sa'a akwai wuta. Ya kunna monita, ya lalubo maɓallin nan na baya.

Rubutun duk Turanci ne, amma ya ci karo da sanduna uku, ja da kore da shuɗi. Ya yi murmushi.

"Ga ka nan, ɓarawon ido. Ita ragewa ta ce, don tsoro. Ni kashe ka zan yi."

Ya ja sandar shuɗi har ƙasa. Allon ya koma ruwan ɗorawa. Ya ci gaba. Duk abin da ya iske a tsakiya ya kai shi ƙarshe, duk abin da ya iske a kashe ya kunna shi, don a ganinsa ba a sa abu a inji don ya zauna banza. Wani da ya kunna ya sa allon ya dushe yana ƙyaf-ƙyaf, sai ya ƙure haske don ya rama. Yana cikin murɗawar ƙarshe ya ji ƙas! Maɓallin ya taho a hannunsa. Ya dube shi, ya dubi ƙofa, ya jefa shi a aljihu tare da biro.

Saura sanyin ido. Ya zaro gwangwanin man zafi, irin wanda ake shafa wa mai mura, ya lakato ya cusa a duk ramukan iska na bayan monitar, har gwangwanin ya ƙare. Ya jawo fanka ya kafa a bayanta, ta yadda iskar za ta bi ta kan man ta doshi fuskar masu kallo. Ya lulluɓe komai da zane, ya fito yana kakkaɓe hannu.

Iya Delu mai awara, wadda ke suya a bakin ƙofar, ta bi shi da kallo.

"Lawali, mi ka gyara? Gaya mini in san inda zan kawar da kaskona."

"Iya, yau za ki ga aiki."

"Awo, shi nake tsoro."

Bayan azahar bas ɗin Bungudu ya iso cike. Ɗaki ya cika maƙil, mutum ya kai arba'in, aka saki labule aka turo ƙofa don kada hasken waje ya dami allo. Mahadi tela, gwanin Tsafe, ya zauna a gaba da hannun gem, Bashar a gefensa. Mannir zai yaye zanen, Lawali ya riƙe masa hannu, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, wagga monita ni na zaɓo ta cikin dubu. Kuma abin da masu ƙera ta suka manta, ni na ƙarasa shi yau da safe."

Mannir ya juyo. "Yaya, mi ka ƙarasa?"

Lawali ya fizge zane.

"Ya na ga kamar an zuba mata miyar taushe?" in ji Bashar.

"Maganin ido ne. Ku 'yan Bungudu ba a kawo muku ba tukuna. A fara!"

Tsafe kullum fararen kaya take sawa, Bungudu rawaya. Alƙalin cikin allo ya hura usur, sai ga mutum ashirin a fili, kowa sanye da rawaya, kamar 'ya'yan gida ɗaya ranar Sallah. Ashe in aka zare shuɗi daga fari, rawaya ke saura. Ƙwallon kuma ba ɗaya ba ce, tana tafe da inuwa biyu a bayanta, kowace na ƙyalli.

"Wanne ne nawa?" in ji Mahadi.

"Wacce ce ƙwallon?" in ji Bashar.

"Ta tsakiya!" wani ya yi ihu daga baya.

"Ta gaba dai!"

Mahadi ya ba abokin gaba ƙwallo, abokin gaba ya mayar masa cikin ladabi. Can sai Bashar ya tsinke da gudu, ya yanke mutum uku, ya ɗaɗa ta a raga, ya miƙe tsaye yana dukan ƙirji. 'Yan Bungudu suka ɗau sowa. Sai allo ya nuna ɗaya ga Tsafe. A ragarsa ya zuba.

"Ba mu yarda ba! Maguɗi ne!"

"Da hannunka ka ci, mu muka aike ka?"

Aka tsayar da wasa, Mahadi ya canza wa 'yan wasansa kaya, ya ɗauki shuɗi. Aka dawo, sai ga 'yan Tsafe baƙi ƙirin kamar alƙalin wasa. Bashar ya yi minti biyu yana bin alƙali yana neman ƙwace masa ƙwallon da ba ya tare da ita.

Lawali na tsaye a gefe, gumi na bin bayansa, amma bakinsa bai mutu ba. "Ku saba da ita! Idonku ne ya saba da ƙarya!"

A lokacin monitar ta ɗau zafi. Man ya narke, fanka ta kwaso shi. Na gaba suka fara ƙifce-ƙifce. Mahadi ya share ido da hannun riga. Bashar ya ja hanci. Kafin minti uku benci shida duk hawaye, ga allo na ƙyaf-ƙyaf a cikin duhu, ga tari ta ko'ina.

"Wa ke mura a ɗakin nan?"

"Wannan ba mura ba ce, barkonon tsohuwa ne!"

Mannir ya ja ƙafarsa ya zagaya bayan monita yana laluben maɓalli. Babu maɓalli, sai rami. Hannunsa ya fito sharkaf da maiƙo, kuma da yake idonsa na zuba, ya kai hannun ya share. Ƙarar da ya saki sai da ta kai tasha.

"Wayyo! Lawali! Lawali!"

Ɗaki ya yamutse, kowa ya yi ƙofa. Lawali ya duba, ya ga in ya bi su waje zai sha hannu arba'in. Sai ya sulale ƙarƙashin teburin monita, ya jawo zanen nan ya rufe kansa.

Abin da mutanen tasha suka gani shi ne garada arba'in sun ɓarko daga ɗaki guda, ido jawur, suna kuka da majina, ga Mannir a ƙarshe dafe da fuska yana kiran sunan surukinsa. Iya Delu ta saki matsami ta cafke rigar Mahadi.

"Ina Lawalin?"

Mahadi na tari ya ce, "Babu shi, Iya. Yanzun nan yana tsaye yana magana, sai kawai babu shi."

Iya ta ɗora hannu a ka ta saki salati. Kafin waɗanda suka san gaskiya su gama wanke ido a famfon bayan tasha, labari ya kai kasuwa cewa lantarki ya ja Lawali. Da ya kai bakin asibiti an ce har ya ƙone. Jama'a suka taru a ƙofar ɗakin, amma yajin da ke fitowa ya hana kowa shiga. Malam Sahabi ladan ya iso yana gyara rawani. Suwaiba, matar Lawali, ta iso da mayafi a karkace, mata biyu na riƙe da ita.

Lawali na ƙarƙashin tebur yana jin komai, idonsa na zuba kamar an yanka albasa. Kukan Suwaiba ya taɓa shi, har ya yunƙura, sai ya tuna da hannu arba'in ya koma. Ya ce a ransa bari zukata su ƙara sanyi. Ban da haka, yana so ya ji abin da za a faɗa.

"Jama'a," in ji Malam Sahabi, "kafin a fito da shi, duk wanda ya ɓata wa a yafe masa. Kabari ba wurin wasa ba ne."

"Na yafe masa fankata," in ji wani.

"Rediyon babana, shekara huɗu. Na yafe."

"Dutsen gugata da ya mayar yana jan mutum. Allah ya jiƙansa."

Lawali ya ciji leɓe. Ya jira a zo kan Kaduna. Ba a zo ba.

"Ni ma," in ji Malam Sahabi, "lasifikar masallaci da ya ƙona mana ana gobe Sallah, na yafe duniya da lahira. Allah dai bai ba shi sanin aikin ba, amma mutum ne mai gaisuwa."

Zane ya yi sama.

"Wallahi a ƙone kuka kawo ta!"

Ga Lawali tsaye a bakin ƙofa, ido kamar gauta, zane a kafaɗa. Taron ya watse kamar an jefa wuta. Malam Sahabi ya bar takalmi ɗaya. Wani ya haye bas ɗin Bungudu ya kulle kansa a ciki. Iya Delu kaɗai ba ta motsa ba, ta ɗauki matsaminta ta nuna shi.

"Ko mutuwar ma ba ka iya ta ba."

Mannir ya dawo fuska a jiƙe, ido a kumbure. Ya miƙa wa Lawali hannu kawai. Lawali ya zaro maɓallin daga aljihu ya ɗora masa a tafi. Mannir ya kira Hajiya Ummulkhairi a waya. Ta yi dariya har sai da ta aje wayar ta sake ɗauka, sannan ta ce ya nemo tsinken sakace ya zura a ramin, ta riƙa gaya masa sama, ƙasa, danna, har komai ya koma yadda ta saita. Bashar da kansa ya kawo tsumma daga mota ya goge man. Aka buɗe ƙofa da taga, aka juya fanka waje.

Da aka sake kunnawa, fari ya dawo fari, ciyawa kore shar, ƙwallo ɗaya tak tana tafiya sumul. Kowa ya matso. Bashar ya daɗe yana kallo.

"Mannir, irin wannan ko a Bungudu babu. Gasa ta zauna a Tsafe. Amma duk ranar da za mu zo, a kai surukinka can garin Mada ya wuni."

Aka buga wasa guda a gurguje don baƙi su kama hanya da rana, Mahadi ya ci biyu da ɗaya. Lawali bai gani ba, don Suwaiba ta riƙe hannun rigarsa tun daga tasha, ba ta saki ba.

"Malam, muje. Mutane na can sun zauna. Ka sallame su da bakinka, ni ba zan iya ba."

Suna shawo kwanar gida Lawali ya ja ya tsaya. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar zaure har gindin dalbejiya, maza zaune a jere, wasu ma a tsaye don babu wuri. Ya gyara hula, ya ɗaga ƙirji, hawayen man zafi na bin kumatunsa.

"Kin gani ko, Suwaiba? Kullum ina gaya miki ba ki san wa kike aure ba. Dubi jama'a! Ko hakimi ne ya faɗi, iyakar abin da za a tara ke nan."

Suwaiba ta gyara mayafinta.

"Awo. Na ji abin da ya kawo su tun kafin in fita. Kowa kayansa ya zo karɓa kafin a fara rabon gado."